Salansar Baba da Tagar Inno

Zan fara daga ranar da salansar motar Baba ta faɗi a hanyar Rijau, domin daga nan ne Inno ta fara tari.

Motar a-kori-kura ce, fara, an rubuta MAILAFIYA a goshinta da jan fenti. Sunan Baba ke nan. Da ita yake jigilar mutane da buhuna tsakanin Kontagora da kasuwannin ƙauye. Ran nan ya dawo da la'asar, salansar tana ɗaure a baya kamar akuyar da aka sayo, duk ta ci tsatsa ta huje. Ranar Asabar, da yake ba makaranta, sai mahaifiyata, wadda muke kira Dada, ta ɗora mini kwanon abincinsa ta ce in kai masa garejin Bitrus makanike.

Na same su a tsugune a gindin mangwaro. Bitrus ya jera salansa uku a ƙasa kamar mai tallar rake.

"Wannan ta kamfani ce," in ji Bitrus, yana shafa ta farko. "Daga Kaduna aka kawo ta. In ka ɗaura ta, sai ka wuce kaza tana barci ba ta farka ba. Amma fa kuɗinta ya kusa na ɗan maraƙi."

"Wuce," in ji Baba.

"Wannan kuma daga jikin wata mota na ciro ta. Tana da sauran rai, ƙararta daidai misali. Sai dai ba zan rantse maka za ta ga damina ta gaba ba."

"Waccan baƙar fa?"

Bitrus ya yi dariya. "Waccan ai wasa nake yi. Ni na haɗa ta da hannuna, bututun ruwa ne da ɗan gwangwani. Ba ta karyewa, ba ta cin kuɗi. Amma wallahi, Mailafiya, ba ta iya rufe baki ba."

"Ɗaura mu ji."

Aka ɗaura, Baba ya tayar da mota. Ban taɓa jin irin wannan ƙarar ba. Tsuntsayen kan mangwaro suka watse, ni kuma na dafe kwanon da hannu biyu don kada ya zame. Baba ya taka ya saki, ya taka ya saki, yana murmushi har kunne.

"Ka ji murya!" Ya kashe ya leƙo. "Bitrus, mutumin ƙauye ba shi da agogo. In ya jiyo wannan daga nesa ya san Mailafiya ce tafe, sai ya fito bakin hanya da kayansa kafin motar abokin gasata Irmiya ta riga ni. Ita zan ɗauka. Amma ka lanƙwasa mini bakinta ya fito ta gefe, gaban tayar baya, kada duwatsun hanya su sake cire mini ita."

"In ta fito ta gefe, hayaƙin na gefe zai riƙa duka."

"Na gefe ya matsa," in ji Baba, ya miƙo hannu ya karɓi abincinsa.

A gidanmu na gefe ita ce Inno, kakata, uwar Dada. Bafulatana ce, daga wata ruga wajen Kaboji aka ɗauko ta bayan fari ya gama da shanunta. Da ta zo, ɗakin da ya fi nisa da turakar Baba ta zaɓa, saboda suruka ba ta zama inda za ta riƙa haɗa ido da mijin 'yarta. Ɗakin yana jikin zaure. Da can na ajiyar hatsi ne, shi ya sa tagarsa take ƙasa-ƙasa, daidai gwiwar mutum, don iska ta riƙa ratsa buhuna. A bayan wannan tagar aka kafa rumfar da mota take kwana. Da Baba ya shigo da ita da yammacin nan, na ga bakin sabon bututun ya tsaya daidai tagar, kamar an gwada.

Batir ɗin motar ya tsufa. Saboda haka kullum in an idar da sallar asuba Baba yana tayar da ita ya bar ta tana aiki, shi kuma yana shan koko a zaure yana jiran masu kaya. In ya dawo da yamma ma haka yake barin ta tana ruri, wai batir ya sha caji don gobe. A waɗannan lokutan biyu kuwa, lokacin da Baba yake kai da kawowa tsakanin zaure da tsakar gida, a nan ne Inno ba ta fitowa ko ɗaki zai kama da wuta.

Ni ce mai kai mata koko da safe. Ni kaɗai ce ma take hira da ita a gidan, domin Dada 'yar fari ce, Inno ko sunanta ba ta kamawa, sai dai ta ce "waccan". Kwanakin farko na tarar da ita tana fifita da faifai, idanunta sun yi ja.

"Tsohuwa mai ran ƙarfe, kuka kike yi?" na ce.

"Kuka? In yi wa wa, 'yar Kaɗo?" Ta goge ido da gefen zane. "Saniyar ubanki ce take mini tusa ta taga. Shekaruna nawa a cikin garke, ban taɓa ganin saniya mai warin ciki irin wannan ba."

Muka yi dariya. Dariyar ce ta koma mata tari, har sai da na bubbuga mata baya.

Inno ba ta zo da komai daga ruga ba sai ƙwaryoyinta na nono. Ba ta da saniya ko ɗaya, amma kullum sai ta sauko da su ta wanke ta kife su a kan gado su bushe, farare tas kamar ƙashi. Su ne suka fara nunawa. Na shiga wata safiya na ga ta ja yatsa a bayan babbar, yatsan ya fito baƙi. Ta dubi yatsan, ta dube ni, ta ɗauko ruwa ta sake wankewa. Bayan wani ɗan lokaci wanki ya daina fitar da su. Suka koma ruwan toka, haka suka zauna.

Sai ciwon kai ya biyo. Tana ɗaure goshi da ƙyalle, ta ce kamar ana daka a ciki. In mota ta fita, takan rarrafo bakin ƙofa ta zauna tana jan iska da baki buɗe, kamar kazar da ta sha rana. Wajen azahar sai ta ɗan warware, har ta tsokane ni in na dawo daga makaranta. Da la'asar sakaliya kuma, da zarar an jiyo Mailafiya tun daga wajen kasuwa, yaran unguwa suna ihu suna bin ta, sai ta tattara tabarmarta ta koma ciki.

"Inno, ki zauna a nan gindin bishiya mana har ya kashe ta."

"Ya shigo ya same ni a baje a tsakar gidansa? Ke dai boko ya cinye miki kunya."

Na je na sami Dada a madafi. Ni ba mai yawan magana ba ce, in zan faɗi abu mai nauyi sai na yi ta juya shi a ciki. Na ce mata hayaƙin mota ne yake sa wa Inno ciwo.

Ba ta ɗago daga tukin tuwo ba. "Ita ta aiko ki?"

"A'a."

"To, me ya kai bakinki?"

"Dada, kakinta baƙi ne. Na gani."

Muciyar ta tsaya. Sannan ta ce, a hankali, "Madina, mutumin nan shi yake ci da ita, shi yake shayar da ita, ba 'yar'uwarsa ba ce. In na buɗe baki na ce ya canja abin motarsa saboda ita, me za a ce? A ce ta zo gidan suruki tana kafa doka. Ni kuma a ce ba ni da ta ido, ina tsaya wa uwata a gaban miji. Ki kai mata tsumma ta toshe tagar."

Muka toshe tagar da tsumma. Hayaƙin bai daina shiga ba, ta gefen tsumman yake ratsowa, ta tsagar bango, ta ƙarƙashin rufi. Abin da ya canja kawai shi ne yanzu in ya shiga ba shi da ta inda zai fita.

Akwai wata kaza da Inno take kiwo, a ƙarƙashin gadonta take kwanci a kan ƙwai. Wata safiya muka jawo ta a sandare. Dada ta ce ciwon kaji ne yake yawo a unguwa. Ba kazar kowa da ta mutu a unguwar sai ita.

Ranar Juma'a Baba ba ya fita kasuwa. Na same shi a rumfa yana wanke mota, na tsuguna na gaishe shi, na faɗa masa da muryar da ni kaina da ƙyar nake ji.

"Me kika ce? Ɗaga murya."

"Na ce hayaƙin yana shiga ɗakin Inno."

"Ita ta ce?"

"Ba ta ce ba, amma..."

"To, kin gani." Ya matse tsumma. "Matar da ta tashi a cikin hayaƙin kashin shanu, ita ce ɗan wannan zai dama? Mu da muke cikin motar tun safe har dare, mun mutu? Tsufa ne, Madina. Kowa ya tsufa sai ya yi tari."

"Ko za a riƙa juya motar, bututun ya kalli waje?"

"In ta ƙi tashi da safe fa? Ba ki ga gabanta gangara yake kallo ba? Ke za ki tura mini?"

"Ko a mayar da ita ɗakin can na ƙurya, na buhuna."

"Jikin turakata? Je ki faɗa mata haka ki ji abin da za ta ce miki." Ya yi dariya, ya watsa wa taya ruwa. "Wannan karatun naku, yaro ya leƙa littafi sai ya dawo yana koya wa ubansa ajiye mota."

Ba zan ce Baba mugu ba ne, don ban san yadda ake faɗin haka ba. Washegari ma sai da ya dawo da kwalbar maganin tari da ƙunshin tsire da goro fari, ya ce a kai mata. Kafin a kai, sai da ya nuna wa mutanen zaure kwalbar, suka yi ta sa masa albarka, suna cewa samun suruki irinsa sai an tona. Inno ta karɓa da hannu biyu ta yi godiya da Fulatanci, "Miyetti, Allah ya ƙara arziki." Tsiren ni na ci, don a lokacin abinci ya daina zama mata a ciki.

Da damina ta kankama sai abin ya ƙaru. Batir ba ya son sanyi, saboda haka motar ta fi daɗewa tana ruri. Inno kuma tana rufe ƙofa saboda feshin ruwa. Ta fara yin amai da safe. Ta fara mantuwa. Wata rana ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta rasu tun ba a haife ni ba, ta ce in je in kwance maruƙa rana ta yi. Da Dada ta ji haka sai ta ce iska ce ta biyo ta daga daji. Ta aika aka karɓo turare, aka zuba a kasko, aka rufe Inno da shi a ɗaki, aka ce kada a buɗe sai ya cinye. Ina tsaye a waje ina jin tarinta ta cikin ƙyaure.

Maƙwabciyarmu Salome nas ce. Ni na roƙe ta ta leƙo, ranar da ta dawo daga aiki. Ta shiga ɗakin, ba ta daɗe ba ta fito tana toshe hanci da gyale.

"Zinariya," ta ce wa Dada, don ita sunanta take kira, "ni da na shiga yanzu kaina ya fara sarawa. Wannan ba iska ba ce, ba tsufa ba ne. Ku fitar da ita daga ɗakin nan, ko ku fitar da motar."

"To, Salome. Za a gaya wa mai gidan."

"Yaushe?"

"In ya huta."

Da maganar ta kai kunnen Baba, cewa ya yi, "Salome allura ta sani, ba mota ba. Kuma wa ya ba ta izinin shiga ɗakin surukata?" Ya dube ni. Na sunkuyar da kai.

Daga nan na koma wa Inno da kanta. Na ce mata tunda kowa cewa yake ba ta ce ba, to ta ce. Ta juya tana kallon ƙwaryoyinta.

"Kin san abin da kike cewa in yi?"

"Na sani."

"Ba ki sani ba. Uwata har ta mutu mijina bai taɓa jin muryarta ba sai ta bayan zana." Ta yi tari, ta tofa a tsumma, ta naɗe shi da sauri don kada in gani. "Amma ina so in ga kaka, 'yar Kaɗo. Ina so in sha furar sabon gero ko sau ɗaya."

Washegari da sassafe na fito da kokonta, sai na gan ta a tsaye a bakin zaure. Ta yi lulluɓi har ido, ta juya fuska ga bango, hannunta ɗaya yana dafe da ƙyaure. Mota tana ruri a rumfa. Baba yana zaune da masu kaya, suna shan koko. Da ya hango ta sai ya yi zumbur ya miƙe, ya tuɓe takalma, ya durƙusa, ya kawar da kai. Mutanen ma suka yi tsit.

"Madina," ya ce, "ki ce ina gaishe ta. Ki tambaye ta an tashi lafiya."

"Ce masa lafiya lau," in ji Inno. "Ce masa an gode da ɗawainiya."

"Ki ce mata ba komai, yi wa kai ne."

Na ga yatsunta suna kankare ƙasar bango. Na zaci za ta juya ta koma. Sai ta ce, "Ce wa mai gidan nan... numfashin abin hawansa yana shigo mini ɗaki. Ce masa ba na iya jan nawa."

Na maimaita, ko da yake kowa ya ji. Ɗaya daga cikin masu kayan ya ajiye ludayinsa. Baba bai ɗago ba, amma na ga jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ki ce mata na ji," ya ce. "Ki ce mata yanzu damina ce, kasuwa ta mutu. In Allah ya kai mu kaka, hanya ta buɗe, zan canja."

"Ce masa Allah ya kai mu," in ji Inno. Ta lallaɓa bango ta koma.

Da yamma da ya dawo, bai ko wanke ƙafa ba ya tsaya a tsakar gida, inda ya san murya za ta kai ɗakin jikin zaure.

"Zinariya! Yau ni surukata ta tare a zaure, a gaban baƙi. Yanzu labari ya kai Rijau, Mailafiya yana kashe uwar matarsa da hayaƙi. Ni da na ɗauko ta daga daji ba ta da ko akuya! Wannan ita ce kunyar Fulanin da ake faɗa?"

Dada ta durƙusa tana kuka tana ba shi haƙuri. Ta ce ruɗin ciwo ne, ba a cikin hankalinta take ba. Ta ce laifin yarinyar nan ne mai shegen surutu. Duk wannan ana yi mota tana ta ruri a rumfa, tana shan cajinta.

Da na shiga wurin Inno na tarar ta juya fuska ga bango.

"Kin ji abin da na jawo wa waccan?" ta ce. "Da tsufana na zubar mata da mutunci a gidan miji."

"Inno, gaskiya kika faɗa."

"Rufe mini ƙofa in kin fita."

Daga ranar ba ta ƙara fitowa bakin ƙofa ba, ko bayan mota ta tafi. Ta daina wanke ƙwaryoyin. Ta daina ce mini 'yar Kaɗo. In na kai koko sai ta kurɓa sau ɗaya don in ji daɗi, ta ce barci take ji. Kullum barci take ji. Nakan buɗe ƙofar in na shiga, in cire tsumman tagar in mota ta fita, amma da na tafi makaranta sai in dawo in tarar ta mayar da komai yadda yake. Dada takan zo ta tsaya a bakin ƙofar da kwanon tuwo, ba ta shiga, ba ta magana, sai ta miƙo mini ta juya. Sau ɗaya na ga ta ɗora goshinta a jikin ƙyauren, ta daɗe a haka.

Ranar da abin ya faru an kwana ana ruwa. Da asuba mota ta ƙi tashi, sai da Baba ya yi ta fama da ita. Da ta kama, ya ce yau sai ta sha wuta sosai kafin ya fita, ga shi ruwan bai tsaya ba, masu kaya ba su iso ba. Ya ɗora dutse a kan totur ya koma zaure. Na daɗe a tsaye a madafi da kwanon koko a hannu, ina jiran ya fita daga hanya in wuce. Har kokon ya yi sanyi.

Da motar ta tafi na tura ƙofar. Ɗakin ya yi shuɗi. Inno tana kwance a gefenta, hannunta a ƙarƙashin kunci, fuskarta ta yi wani irin haske kamar ta yarinya. Na ce, "Tsohuwa, tashi, rana ta yi." Na sake faɗa. Na taɓa ƙafarta.

Ban tuna ihun da aka ce na yi ba. Na dai tuna Dada ta shigo ɗakin a guje, karo na farko tun zuwan Inno gidan, ta faɗi a kanta tana kiran "Inna, Inna," da ƙarfi, a gaban kowa.

An yi zaman makoki a zauren nan. Daga cikin gida muna jiyo maza. Limamin unguwa ya ce wa'adi ne, kuma mutuwar barci rahama ce. Wani ya ce tsofaffin Fulani ba sa jure zaman gari. Baba ya ce, da murya mai rauni, shi bai taɓa ganin mace mai kunya irinta ba, har ta bar gidansa ba ta taɓa ɗaga ido ta dube shi ba. Aka ce Allah ya ba shi ladan riƙo. A cikin mata ma haka aka yi ta yabon kunyarta. Salome kaɗai ce ta zo ta zauna ba ta ce komai ba, da za ta tafi ta matse mini hannu.

Mota ta yi kwanakin makoki a kashe. Daga nan ta koma bakin aikinta, safe da yamma, tana hura hayaƙinta cikin ɗakin da ba kowa.

Kaka ta yi kyau a shekarar. Baba ya sayi shinkafa da yawa a ƙauyuka don ya ajiye har ta yi tsada, ɗakin ƙurya ya cika har rufi, ga sauran buhuna a tsakar gida. Ya sa aka share ɗakin Inno, aka fitar da gadon. Ƙwaryoyin ni na kwashe su kafin a zubar. Ranar Asabar Dada ta sake ɗora mini kwanon abincinsa ta ce yana garejin Bitrus.

A gindin mangwaron nan na same su. Baƙin bututun yana yashe a ƙasa. Bitrus yana kwance a ƙarƙashin mota yana ɗaura ta kamfani, wadda aka kawo daga Kaduna.

"Mailafiya, kai da ka ce murya kake so," in ji Bitrus daga ƙasa. "Fasinjojin naka fa? Ta yaya za su san ka iso?"

"Ai sun riga sun san lokacina."

"Bakin fa? In lanƙwasa shi gefe kamar waccan?"

"A'a, a'a. Miƙar da shi baya sosai, ya wuce bango." Baba ya buɗe kwanon abinci yana duba miya. "Shinkafa zan zuba a ɗakin nan na jikin rumfa. Ka san shinkafa da ɗaukar wari. In hayaƙin nan ya yi mata sati yana shiga ta taga, wa zai saya?"

Ƙarar sifana ta tsaya a ƙarƙashin motar. Can sai ta ci gaba.

Ni dai ina tsaye da murfin kwano a hannu. Ashe ya sani. Ya san inda bututun yake kallo, ya san abin da yake shiga ta tagar, ya san ma kwana nawa yake ɗauka kafin ya ɓata abu. Bai yi wa Inno ƙarya ba. Ya ce in kaka ta yi zai canja, kaka ta yi, ya canja.

Yanzu motarmu ba ta da ƙara. Da asuba in ta tashi sai ka kasa kunne kafin ka ji ta. An cire tsumman tagar, iska tana ratsa buhuna yadda aka gina ɗakin don ta yi. Maƙwabta suna yaba wa Baba, wai ya hutar da su.

Dada ta dama furar sabon gero ran nan, ta zuba mini a kofi. Na ɗauko babbar ƙwaryar Inno na juye a ciki. Na wanke ta da toka, na wanke ta da yashi, har yau ba ta koma fara ba. Dada ta dubi ƙwaryar, ta dube ni, ta buɗe baki kamar za ta yi magana. Sai muka ji takun Baba a zaure, ba mu ma ji isowar motarsa ba. Ta ja gyalenta ta rufe kai, ta tashi ta ɗebo masa ruwa.